Kwaɗo a Kan Batir

Motar Dogo ta daina tashi da safe. Ba mutuwa ta yi gaba ɗaya ba, da ma hakan ta yi da kowa ya huta. Da safe ne kawai take ƙi. Da rana kuwa, kana taɓa makulli ta tashi.

Ƙaramar bas ce fara, mahaifinsu ya bar musu ita, shi da ƙaninsa Auta. Dogo ne ke fita da sassafe ya ɗebo mata masu kayan gwari daga bakin lambu zuwa kasuwa, ya ci gaba da jigilar fasinja har rana ta take. Daga nan Auta ya karɓa, ya yi ta yi har magariba, ya kawo ta ƙofar gida ya ajiye. Makullin motar biyu ne, kowa da nasa, kuma a ƙusa ɗaya suke kwana, a bangon ɗakin mahaifiyarsu, Inna. Ita ta kafa ƙusar da hannunta.

Dogo mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Abinci ma a tsaye yake ci. Motar nan kuwa yana ji da ita fiye da jikinsa. Watannin baya, da ya ga ruwan batir ya ci ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar direba, inda batirin yake zaune, bai kai wa kowa ba. Shi da kansa ya kwance komai, ya kankare tsatsar, ya zuba baƙin fenti, ya sake zubawa, har wurin ya yi kauri yana sheƙi, sannan ya mayar da komai mazauninsa. Har mutane yake kira su zo su leƙa.

To yau ga shi a kan kujerar, gari bai gama wayewa ba. Ya murɗa makulli. Ƙas. Fitilun gaban sitiyari suka dushe kamar za su mutu. Ya saki, ya sake murɗawa. Kik, abin da ke juya inji ya tashi, ya ja wani gurnani a wahale, ya yi shiru.

"Ke!" in ji shi, ya kai wa sitiyari duka.

Ya sauko, ya zagaya motar, ya hau, ya sake saukowa. Wayarsa ta ɗauki ƙara. Shugabar matan lambu ce. In tana cikin daɗi "ɗana" take kiransa, in ranta ya ɓaci "direba".

"Direba, kana ina?"

"Ga ni nan tafe, Iya."

"Jiya ma ga ka nan tafe. Alayyafo ba ya jiran mutum, ka dai sani."

Dole ya je ya buga wa mai wanki ƙofa, ya taso mai gadin shagon kusurwa, suka dafa motar daga baya.

"Dogo, ka fara yanka mana albashi mana," in ji mai wanki yana nishi. "Tura motarka ta fi wankin bargo wahala."

Dogo bai yi dariya ba. Motar ta yi tsalle, ta tashi, ya ja ta ya tafi ko waiwaye bai yi ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da rana ta take, Auta zai zo tasha yana fito, ya hau, ya taɓa makulli sau ɗaya, mota ta tashi lafiya lau.

"Yaya, ni fa ban taɓa ganin abin da kake faɗi ba," in ji Auta. "Ko dai safiyar ce ba ta so, irina?"

"Kai komai wasa ne a wurinka."

"To mu kai wa Tartsatsi ya duba mana."

Tartsatsi shi ne mai gyaran wayar mota a bayan tasha. Dogo ya yi tsaki. "In kai masa ya cika ni da surutu? Wannan ko makaho ya san batir ne."

Ya je ya sauya batir sabo dal, ya ɗaura da hannunsa. Motar ta yi 'yan kwanaki tana tashi, har Iya ta koma kiransa ɗana. Sai wata safiya mai raɓa, ya murɗa. Ƙas.

Ranar ko ruwa bai iya sha ba. Sabon batir! Yana tuƙi yana lissafi, yana tsayawa yana lissafi. Ya ajiye mota cike da caji da rana, Auta ya yini yana gudu da ita, gudu kuma ƙara caji yake yi, ba ragewa ba. To tsakanin magariba da asuba, ina cajin yake tafiya?

A tasha akwai ɗan kamasho, mai kiran fasinja, wanda bakinsa ba ya rufuwa. Ya ga Dogo yana kai da kawowa a gefen mota, ya matso.

"Babban direba, har yanzu ana tura ka?"

"Ka rabu da ni."

"Ni dai ba ruwana. Amma shekaranjiya na bi ta layinku, duk unguwa ba wuta, na hango ta taga fanka na juyawa a ɗakin ƙaninka. Na ce oh, amarya na shan iska." Ya ɗaga kafaɗa. "Mai ciki ai sai da iska. Ni ban ce komai ba fa."

Ya tafi kiran fasinjansa, ya bar Dogo tsaye.

Maganar ta shige shi kamar ƙaya. Ɗaga kujera a ciro batir ba ya ɗaukar wani lokaci. A kai ɗaki a jona fanka, kafin asuba a mayar. Wa zai sani? Ya tuna yadda Auta ya yi dariya ya ce safiya ce ba ta so. Ya tuna yadda ya yi saurin cewa a kai wa Tartsatsi, don a ɗora wa waya laifi. Duk abin da ya tuna sai ya ga ya dace da zargin.

Matarsa ta lura ba ya cin abinci. Da ya gaya mata, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Baban yara, ka gani da idonka?"

"Sai na gani? Ba ni da hankali ne?"

"Fankar nan mai caji ce, ni na gan ta. A shagon caji yake kai ta."

"Shi ya ce miki."

"To ka tambaye shi mana. Ƙaninka ne fa."

Bai tambaye shi ba. Mai walda ya nufa. Ya ɗaga kujerar, ya nuna masa abin da yake so: ƙarfe mai faɗi da zai gitta ta kan batirin, a liƙe gefe ɗaya da jikin mota ta yadda zai riƙa ɗagawa, ɗaya gefen kuma a yi masa kunne na sa kwaɗo.

"Ɓarayi sun matsa maka ne?" in ji mai walda.

"Yi aikinka."

Mai walda ya yi. Ya naɗe kan batirin mai jar waya da robar tayar keke don kada ƙarfe ya taɓa shi a yi gobara. Ɗaya kan, mai baƙar waya, ya bar shi haka, ƙarfen ya zauna daram a kansa. Dogo ya ɗauko ƙaton kwaɗo ya datse, ya jefa makullin a aljihu.

Da rana Auta ya zo karɓar mota. Ya ɗaga kujera zai ajiye tsummansa, ya tsaya. Direbobi biyu da ke kusa suka leƙo. Ɗan kamasho ma ya leƙo, ya toshe baki.

"Yaya, wannan fa?"

"Abin da ka gani."

"Ina nawa makullin?"

"Ba ka buƙata."

Auta ya dube shi, ya dubi mutanen. Ya sauke kujerar a hankali, ya hau, ya tafi.

Washegari da sassafe Dogo ya fito. Ya murɗa makulli. Motar ta tashi nan take, da ƙarfi, kamar ranar da aka sayo ta. Washegari ma haka. Aka yi ruwan sama, gari ya yi sanyi, ta tashi. Mai wanki har leƙowa yake yi yana cewa an kore su daga aiki ba sanarwa.

Ya kamata Dogo ya samu natsuwa. Bai samu ba. Duk safiyar da motar ta tashi, ransa ƙara ɓaci yake yi, don kowane tashi shaida ne a wurinsa. Yana jira Auta ya zo ya ba shi haƙuri. Auta bai zo ba. Gaisuwa kawai, ya karɓi mota, ya dawo da mota.

Inna ce ta kira su. Ta zauna a bakin gadonta, su biyu suka durƙusa a kan tabarma.

"Na ji an sa wa mota kwaɗo a ciki," in ji ta. "Ni dai na san ana kulle ƙofa. Me ake kullewa a ƙarƙashin kujera?"

"Tambaye shi, Inna," in ji Dogo.

"Kai na tambaya."

Dogo ya miƙe, don ba ya iya magana a durƙushe. "Batir ake cirewa a kai ɗaki a kunna fanka. Ni kuma da safe in yi ta bin ƙofofin mutane ina roƙo a tura ni. Tunda na sa kwaɗo, ko sau ɗaya ta ƙi tashi? Ya faɗa. Ko sau ɗaya?"

"Yaya, wallahi ban taɓa..."

"Kar ka rantse. Mota ta riga ta rantse."

"Zauna, Dogo," in ji Inna.

"Inna, kullum haka kike yi. Don shi ne auta. Abincina da nasa da naki duk a motar nan suke, shi kuma ya ɗauke ta abin wasa. Wanda ya ɗauki abu a ɓoye ya mayar a ɓoye, mene ne sunansa?"

Daga tsakar gida aka ji amaryar Auta ta shige ɗaki ta ja labule.

Auta ya tashi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullinsa, ya rataye a ƙusar Inna.

"Inna, ki yafe mini. Yaya, ga motarka."

Kafin mako ya zagayo ya kama ɗaki a wata unguwa, ya kwashe matarsa da 'yan kayansu. Aka ce ya samu aiki a gidan bulo, yana jan motar kai kaya. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai daina fitowa tsakar gida da yamma.

Dogo ya haɗa aikin mutum biyu shi kaɗai. Ya fita da asuba, ya dawo da magariba, bayansa na ciwo, idonsa ja. In aka tambaye shi Auta, sai ya ce, "Yana nan lafiya," ya kawar da kai.

Wata safiya ya ce bari ya duba ruwan batir. Ya buɗe kwaɗon, ya ɗaga ƙarfen, ya leƙa, ya ga komai daidai. Sai wayar Iya ta shigo tana cewa yau kayan da yawa, ya yi sauri. Ya sauke kujera a gurguje, bai mayar da ƙarfen ba, ya hau ya murɗa makulli.

Ƙas.

Ya sake murɗawa. Fitilu suka dushe, kik ya yi gurnanin nan da ya sani.

Auta ba ya gidan. Makullin kwaɗo a aljihunsa ya kwana. Ba wanda ya taɓa batirin nan.

Ya sauko, ya ɗaga kujera, ya mayar da ƙarfen ya datse, don ba shi da abin yi sai hakan. Ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Motar ta tashi. Ya kashe ta. Ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga ƙarfe, ya murɗa. Ƙas. Ya sauke ƙarfe. Ta tashi. Ya yi ta yi, ɗaga, sauke, ɗaga, sauke, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin safiya.

Ya kai matan kasuwa bai san me suke faɗi a hanya ba. Yana sauke kwandon ƙarshe ya juya sai rumfar Tartsatsi.

Tartsatsi yana zaune a kan tsohon batir, ya baje wayoyi a cinya.

"A'a! Yau wace rana? Dogo da kansa! Na ɗauka kai ne likitan motarka."

"Zo ka ga wani abu."

Ya nuna masa. Tartsatsi ya daina dariya. Ya ɗaga ƙarfen ya duba ƙasansa. Daidai inda yake taɓa kan batirin mai baƙar waya, ƙarfen ya yi baƙi, ya yi ƙananan ramuka kamar an ɗiga masa wuta.

"Ka ga nan? Wuta ce take bi ta nan."

"Ta cikin ƙarfen kwaɗo?"

"Ta ina kake so ta bi? Tsaya." Ya ɗauko wata waya mai kauri mai baki biyu, ya maƙala ɗaya a kan batirin mai baƙar waya, ɗayan a jikin inji. Ya bar ƙarfen a ɗage. "Murɗa."

Dogo ya murɗa. Ta tashi.

"Kashe." Ya cire wayar. "Murɗa."

Ƙas.

"To batirinka lafiya lau, kik ɗinka lafiya lau. At ne babu, wato hanyar dawowar wuta. Wuta tana fita ta jar waya ta je ta juya kik, amma dole ta dawo gida. Ta jikin ƙarfen mota take dawowa, ta shiga baƙar wayar nan ta koma batir. In hanyar dawowa ta toshe, ko batirin jirgi ka sa, ƙas za ka ji."

"To me ya sa da rana take tashi?"

"Inji ya yi zafi, ya saki jiki, 'yar wuta kaɗan ta ishe shi. Da safe kuwa ya sandare, mai ya yi kauri, sai an ba shi wuta da yawa. Kai ma da safe ai sai an ɗaga ka."

Ya bi baƙar wayar da yatsa har inda aka ɗaure ta da jikin mota. Ya sa sifana ya kwance notin, ya ɗaga kan wayar. Ƙarƙashinta baƙin fenti ne mai kauri, sumul, ko ƙwarzane babu. Notin kuwa duk ya yi tsatsa.

Tartsatsi ya yi fito. "Kai! Wane gwani ne ya yi maka wannan fentin? Ya iya aiki, wallahi, har inda ba a so ya shafe. Wuta ba ta bin fenti, Dogo. Da ta cikin notin nan take lallaɓawa, da tsatsa ta cinye shi sai ta rasa hanya. Mai waldarka ne ya yi mata sabuwar hanya bai sani ba." Ya ɗago. "Wa ya yi maka fentin?"

Dogo ya tsaya yana kallon wurin da yake kiran mutane su leƙa.

Tartsatsi ya dube shi, ya dubi kwaɗon. Shi ma a tashar yake, ya ji labari. Ya ɗauko takardar goge ƙarfe ya kankare fentin har farin ƙarfe ya fito, ya goge kan wayar, ya sa sabon noti ya ɗaure tam, ya shafa man giris a kai.

"Murɗa."

Ta tashi, ƙarfen kwaɗo na tsaye a ɗage.

Dogo bai koma tasha ba. Gidan bulo ya wuce. Ya tarar da Auta a bayan wata tsohuwar mota, ana loda masa bulo, fuskarsa da gashinsa duk siminti. Ya rame.

"Yaya. Lafiya? Inna ce?"

"Inna lafiya." Dogo ya sa hannu a aljihu, ya fitar, ya mayar. "Ba batir ba ne. Waya ce. Fentin da na yi ne ya toshe ta."

Auta ya goge hannunsa a wando. "Tartsatsi ka kai wa?"

"Shi."

"To madalla. An gyara?"

"An gyara. Ka dawo ka ɗauki makullinka."

Auta ya juya ya kalli masu loda bulo, sannan ya dawo da kallonsa.

"Yaya, a gaban 'yan tasha ka sa kwaɗo. A gaban Inna ka faɗi sunan da ka faɗa, matata tana ji. Yanzu ka zo bayan mota, ni kaɗai, kana magana ƙasa-ƙasa."

Dogo ya juya ya tafi da sauri kamar ana binsa.

Rana ta take lokacin da ya shiga tasha, daidai lokacin da direbobi ke taruwa a inuwar rumfa. Ya tsayar da motar a tsakiya, ya ɗaga kujera, ya ciro kwaɗon ya ɗaga sama.

"Ku saurara! Wannan kwaɗon, ƙanina na sa wa. Na ce yana satar batir. Ƙarya na yi masa. Ni na lalata motar da hannuna. Wanda ya ji na farko ya ji wannan."

Ɗan kamasho ya sulale ta bayan wata bas. Can wani tsohon direba ya ce, "Allah ya kyauta, Mai Kwaɗo," wani ya yi 'yar dariya, sunan kuma ya zauna daga ranar.

Da yamma ya durƙusa a gaban Inna ya maimaita, wannan karon bai miƙe ba. Ya sa matarsa ta raka shi ɗakin Auta, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba amarya haƙuri ta bayan labule. Fankar nan mai caji tana kan kujera tana juyawa a hankali.

Auta ya rako shi har bakin titi.

"Na yafe, Yaya. Har ga Allah na yafe."

"To gobe da rana..."

"A'a. In mun koma, duk ranar da ta sake yin ƙas, ni za ka fara kallo kafin ka kalli waya. Kai ma ka sani. Bar ni a nan, mu riƙa gaisawa."

Motar ba ta sake ƙin tashi ba. Ko da sanyi, ko da ruwa, taɓawa ɗaya. Dogo yana jan ta daga asuba har magariba shi kaɗai, 'yan tasha na kiransa Mai Kwaɗo yana amsawa. Da amarya ta haihu, a ɗakin hayar can aka haifi yaron, Inna ce take hawa mota ta je ganin jikanta. Makullin Auta yana nan a ƙusa. Kullum da asuba sai Dogo ya ɗaga shi gefe kafin ya iya zare nasa.